Allurar Silindar Gwaggo

Allah ne ya ba mu aron Gwaggo, kuma ya karɓi abinsa wata Laraba da asuba, bayan ruwan farko na bana ya sauka a unguwarmu ta Shango. Ba ni da ja a kan wannan. Jan da nake yi yana kan abin da na ji ana faɗa a zaman makoki, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don kada a binne ta sau biyu.

Duk wadda ta shigo cikin gida sai ta tsuguna, ta karkatar da kai, ta ce, "Allah ya ji ƙanta, baiwar Allah mai haƙuri." Haƙuri? Gwaggo? Wace Gwaggon? Yayar mahaifina ce, ita ta ɗauke ni riƙo tun ina ƙarama bayan ya rasu, a ɗakinta na girma, a ajinta na yi karatu, yanzu ma darasinta na kemistiri nake koyarwa. In da akwai haƙuri a jikin matar nan da na gan shi, wallahi ban taɓa gani ba. Mutum ɗaya ce ta faɗi gaskiya, wata tsohuwar ɗalibarta 'yar Gbagyi da yanzu take aikin jinya. Ta zauna kusa da ni ta ce da irin Hausarta, "Malama ba ya da hakuri ko kadan. Shi ya sa muka ci jarabawa." Muka yi dariya har muka ɓuge da kuka, tsofaffi suna ta hararar mu.

Wannan ƙaryar ta haƙuri mai sauƙi ce, ladabin makoki ne, da ita kaɗai ce da na haɗiye. Ta biyun ce ta hana ni zama. Tun kafin a dawo daga maƙabarta magana ta fara zagayawa daga tabarma zuwa tabarma cewa wai Baffa, ƙanin Gwaggo, wanda yake sana'ar walda a bakin titi, ya riƙa tsiyayar iskar oksijin da likita ya sa a ba ta yana kai wa shagonsa. Wai ya saci numfashin yayarsa yana liƙa ƙarfe da shi. Dattijo mai furfura, a unguwar da aka haife shi! In maganar nan ta zauna, babu mai sake kai masa ko ƙyauren kaji ya gyara, kuma 'ya'yansa da ita za su tashi. Zan zo kan yadda aka yi. Amma sai an san Gwaggo tukuna.

Kakanmu reluwe ce ta kawo shi Minna, shi ne mai zuba gawayi a wutar jirgi. Gwaggo takan ce kunnensa ɗaya ya mutu ne ranar da wani ya raina agogon da ke auna matsin tukunyar jirgi, kuma tun tana yarinya ta ɗauki alkawarin sai ta san abin da allurar nan take faɗa. Ta sani kuwa, har ta ishi kowa da shi. Da ta yi ritaya daga makarantar 'yan mata, maimakon ta huta, sai ta shafe bangon zauren gidanmu da baƙin fenti ta mai da shi allo. Maza suka yi ta gunaguni, wai zaure wurin baƙi ne. Ta ce baƙonta na farko jahilci ne, kuma a zaure ake tarar baƙo. A saman bangon ta rubuta PV = nRT da manyan baƙaƙe, ta hana kowa gogewa.

Yadda take bayaninsa har masu tallar nono da ke hutawa a ƙofar gida sun haddace. "Iska a cikin rufaffen mazubi abu huɗu gare ta," in ji ta. "Matsin da take yi wa bango, girman mazubin, yawan ita kanta iskar, wanda muke ƙirgawa da mol, sai kuma zafinta. Huɗun nan 'yan ɗaki ɗaya ne. Ka taɓa ɗaya, dole wani ya motsa." Sai ta sa a rufe gorar roba da ba komai a ciki, a ajiye a rana har ta kumbura, sannan a tsoma ta cikin randa. Gora ta lotsa, yara su yi ihu. "Wa ya saci iskar?" in ji ta, sannan ta amsa da kanta. "Ba wanda ya sata, 'yan banza, sanyi ta ji ta kwanta."

Sai kuma ɗari biyu da saba'in da uku. Kai, lambar nan ta ci mana tuwo a ƙwarya. Ma'aunin zafi na asibiti daga inda ruwa yake ƙanƙara yake fara ƙirga, ita kuwa iska ba ruwanta da ƙanƙarar ruwa, tata ƙirgar daga can ƙasa take farawa, inda komai yake daina motsi. Saboda haka kafin ka sa zafi a lissafi sai ka ƙara masa ɗari biyu da saba'in da uku. Duk yarinyar da ta manta, ko da komai nata daidai ne, Gwaggo za ta ja mata layi tun daga sama har ƙasa. "Rabin daidai a wurin iska shi ne asibiti," haka take cewa. Har a kasuwa in tsofaffin ɗalibanta suka hango ta, sai ka ji an ɗaga murya daga cikin rumfa, "Malama, mun ƙara!" Ita kuma ba ta ko juyawa, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Da dai ya fi muku."

Ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, sai da kwano. Ranar da ta yi wa yarinya faɗa har ta yi kuka, da yamma za ka ga Gwaggo ta yafa gyale, ta ɗauki kwanon dambu, ta taka har gidan su yarinyar. Ba za ta ambaci faɗan ba. Za ta ajiye kwano, ta ce wa uwar, "'Yarki tana da kai, kada ki bari ta zauna," ta juya. Ni kaina na ci dambun nan ba adadi. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka Uwata take kirana, amma hakan bai taɓa hana ta ja mini layi ba.

Mutum ɗaya ne kwanonta bai taɓa zuwa gidansa ba, shi ne Baffa. Shi ne autansu, kuma har ya yi jikoki Auta take kiransa. Rigimarsu a kan silindar walda ce. Masu walda suna aiki da oksijin, Baffa kuwa tsaye yake jera silindunsa a bakin titi, rana tana dukansu tun safe, ga guntayen ƙarfe masu zafi ana watsarwa kusa da su, wata ma duk tsatsa ta ci gindinta. Ta yi masa magana a gida, ya ce to. Ta sake, ya ce to. Rannan tana dawowa daga makaranta sai ta tsaya, ta jiƙa buhuna a durom ɗinsa na ruwa, ta lulluɓe silindun ɗaya bayan ɗaya, a gaban masu kawo aiki.

"Auta, in mutuwa kake so ka je ka yi ta kai kaɗai. Titin nan 'ya'yan mutane ke bi."

"Haba Yaya! Shekara nawa ina sana'ar nan? Ƙarfe ne fa, ba balan-balan ba."

"Ƙarfen ma yana da iyaka. Ita iskar ba ta san shekarunka ba."

Mutane suka yi dariya, kuma dariyar ce ta ɓata komai. Baffa ya fizge buhunan ya watsar a kwata. Daga ranar sai gaisuwar Sallah da ta jana'iza. Ya yi rumfa mai kyau a shagon, ya sa bencinsa da butarsa a inuwa, silindun kuwa ya bar su a rana da gangan, inda duk ta wuce sai ta gani. Ita ma kullum ta nan take bi, alhali akwai hanyar da ta fi kusa. Jini ɗaya ne, taurin kan ma ɗaya.

Da ciwon huhu ya kwantar da ita, likita ya ce sai da oksijin a gida. Mu mata muka tsaya muna kallon juna, wa ya san kan wannan abu? Washegari da safe sai ga a-kori-kurar Baffa a ƙofar gida. Ba wanda ya aika masa. Ya je inda ake cika silindar asibiti, ya kawo ɗaya, ya ɗaura wa silindar kai da agogon matsi, ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa yana duba kumfa ko akwai yoyo. "Sannu, Yaya." "Yauwa, Auta." Iyakar hirarsu ke nan, har watanni. Amma silinda ba ta taɓa ƙarewa babu wata a jingine ba.

Ranar Talatar ƙarshe an yi zafin da ake yi kafin ruwan farko, irin wanda ko ƙadangare yake neman inuwa. Motar Baffa ta mutu a hanya, sabuwar silindar ta yini a kwance a bayan mota. Da aka shigo da ita sai da tsumma, hannu ba ya iya taɓa ta. Ya jingine ta a matsayin ta ajiya, ya ɗaura agogo ya bar ta a shirye, ya fita. Allura tana kan ɗari da sittin da biyar. A ɗakin akwai ƙanwar marigayi mijin Gwaggo, wadda muke kira Hajiya ta Kuta, ta zo taya jinya. 'Yar kasuwa ce, idonta ba ya wuce lamba, ta duba ta riƙe.

Gwaggo ta janye abin hancinta. "Uwata, ɗauko ma'aunina na zafi." Na ɗaure shi a jikin silindar da ƙyalle, ya hau hamsin da bakwai. Ta girgiza kai. "Har yau a rana yake ajiye su, ɗan banza." Ta huta, ta ja numfashi. "Mol nawa ya kawo mini?" Na ɗauko waya zan danna. "Wayar ce ta yi makaranta ko ke?" Na ajiye, na yi da ka, na faɗa mata. Ta lumshe ido ta ce, "Ya cika ta. Bai taɓa kawo mini ragagge ba." Wannan ne lissafin ƙarshe da ta ba ni, kuma ban san Hajiya ta fita alwala ba ta ji ba.

Ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi, da asuba zuciyar Gwaggo ta tsaya. Tsohuwar silindar ce a hancinta, da sauran iska a ciki, sabuwar ko buɗe ta ba a yi ba. Ana cikin salati Hajiya ta kai ido kan agogon sabuwar, ta ga allura ta sauka zuwa ɗari da hamsin. Silindar da ba a taɓa ba! A wurinta magana ta ƙare: ko dai ɗaurin Baffa yana yoyo, ko kuma dama yana da hanyar da yake ragewa, in ya yi wa wannan to ya yi wa na baya. Ga tsohuwar gaba kowa ya sani, ga shago mai cin oksijin. Ba mugunta ce ta sa ta ba, ta ga lamba ta ragu ne, kuma a sana'arta in lamba ta ragu to hannu ya shiga.

Ni ban ji ba sai a rana ta biyu, ina can ɗaki ana ta shigowa yi mini gaisuwa. Da na leƙa waje na ga abin da ya tayar mini da hankali. Baffa, wanda shi ya kamata ya zauna a gaba yana karɓar gaisuwa, yana can ƙarshen tabarma, mutane suna miƙa wa na kusa da shi hannu suna tsallake shi. Bai kare kansa ba. Matarsa ta ce mini tun ranar bai ci abinci ba, yana ta cewa wataƙila hannunsa ne ya tsufa, wataƙila bai ɗaure da kyau ba. Wato shi ma ya fara yarda. Dangin mijin Gwaggo kuma suka ce bayan addu'ar uku za su kai magana gaban mai unguwa.

Ranar addu'ar uku maza sun cika zaure har waje, Liman yana tsakiya, baƙin bangon Gwaggo yana bayansa. Kowa ya san mace ba ta ratsa zaure a irin wannan lokaci, kuma ba a tayar da magana a zaman makoki. Na sani sarai. Na ɗauki alli a kan tagar Gwaggo, na gyara hijabina, na shiga. Haushi ya fi tsoro yawa.

Liman ya ce, "'Yata, lafiya? Ba yau ba. A bar wa Allah."

Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, a wannan zaman aka ɓata sunan Baffa, a cikinsa za a wanke shi. In na yi ƙarya ga ku ga ni."

Wani daga cikin mutanen Kuta, dangin mijinta, ya ce wannan rashin kunya ne. Na ce masa a gidan nan na koye shi, kuma mai koyarwar ce aka binne shekaranjiya. Liman ya dube ni, ya dubi bangon, sai ya matsa gefe da buzunsa.

Na sa aka kira Hajiya ta tsaya a bakin ƙofar cikin gida. "Hajiya, nawa kika gani da yamma?" Ta ce ɗari da sittin da biyar. "Da asuba fa?" Ɗari da hamsin. Na ce ban musa mata ko ɗaya ba, idonta ƙalau yake. Na rubuta su a bango. Cikin silindar lita arba'in ne, an buga a jikinta, kuma ƙarfe bai ƙaru ba bai ragu ba. Da yamma zafinta hamsin da bakwai, ni na auna. Da safe ma'aunin yana nan ɗaure, ashirin da bakwai. Ina rubuta hamsin da bakwai sai na ji murya daga cikin gida, ta ma'aikaciyar jinyar nan, "Kara dari biyu da saba'in da uku!" Wasu matan suka amsa mata, har da masu kuka. Na ƙara. Ɗari uku da talatin da yamma, ɗari uku cif da safe.

Na ninka matsi da girman ciki, na raba da zafi da kuma R, lambar nan da ba ta canzawa. Na yamma ya ba ni mol ɗari biyu da arba'in da ɗaya. Na sake yi da lambobin safe a gefensa, a hankali, yadda mai bi zai bi. Mol ɗari biyu da arba'in da ɗaya. Na ja layi biyu a ƙarƙashi kamar yadda take yi. Na ce, "Abin da Baffa ya kawo da yamma shi ne a ciki da safe. Ko cikin cokali bai fita ba. Zafi ta sha a mota ta taso, ruwa ya sauka ta kwanta."

Mutumin Kuta ya ce shi bai yi boko ba, alli kuma ba ya rantsuwa, kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama. Gaskiyarsa. Gwaggo ma ba ta taɓa yarda da lissafin da ba a gwada ba. Na ce a fito da silindar a kwantar a rana a ƙofar gida, da agogonta da ma'auninta. Na rubuta a bango tun kafin a taɓa ta: in ma'auni ya kai arba'in da bakwai, allura za ta hau ɗari da sittin. Na ce wa Hajiya ita za ta duba, ba ni ba. Iskar da aka sace dai ba ta dawowa don an shanya tukunya.

Aka fitar da ita, aka ci gaba da addu'a. Ban koma ciki ba, na tsuguna a bakin zaure. Ranar bayan ruwa ce, mai cizo. Aka yi fatiha, aka raba waina, ba wanda ya tashi, ido yana waje. Can Hajiya ta sunkuya a kan agogon, ta daɗe, ta goge gilashin da bakin gyalenta ta sake dubawa. Sai ta ɗago ta ce, "La'ilaha illallahu. Tana hawa." Da ma'auni ya kai inda na ce, ta karanta lambar da bakinta, da ƙarfi, don ita ba ta iya rage lamba ko a kanta za ta faɗa. Ta juya wajen Baffa ta durƙusa a cikin ƙasa. "Malam, ka yafe mini. Na ɗauki alhakinka."

Baffa bai ko dube ta ba. Silindar yake kallo, tana kwance a tsakiyar rana, ga yara sun fara kewaye ta. Sai ya miƙe zumbur, mutumin da ya kwana biyu bai ci abinci ba, ya daka tsawar da sai da Liman ya firgita.

"Ku ɗauke ta daga rana! Ba ku da hankali ne? Yaya ta hana!"

Bai jira kowa ba. Ya tuɓe babbar rigarsa, ya tsoma ta cikin bahon wanke hannu, ya ruga ya lulluɓe silindar. Ya durƙusa ya rungume ta da jiƙaƙƙiyar rigar, a nan kukan da bai yi a maƙabarta ba ya ƙwace masa. Yana yi yana cewa, "Na ji, Yaya. Na ji."

Ya Allah, ga Gwaggo nan mun miƙo maka. Ba mai haƙuri ba ce, kada a rubuta mata abin da ba nata ba, nata ya ishe ta. Ka yalwata mata kabarinta, ka sanyaya shi, ka ba ta numfashin da ba ya ƙarewa. Zaure kuma yana nan, ba a goge bangon ba, 'yan mata sun dawo ranar Asabar ni nake tsayawa a gabansu. Da na bi ta bakin titi bayan addu'ar bakwai, na tarar silindun Baffa a jere cikin rumfa. Bencinsa da butarsa suna waje, shi ma yana zaune a kai, a rana.